Kurkunu: Shekara Guda a Jikin Mutum, Mako Biyu a Cikin Ƙuman Ruwa

Matashin da aka haifa a Zamfara ko Kebbi ko ƙasar Damagaram bayan shekarar 2008 bai taɓa ganin kurkunu da idonsa ba. In ya san sunan, to a bakin kakarsa ya ji, ko kuwa ya ga wani tsohon tabo a idon sawun baffansa ya tambaya aka ba shi labari. Iyayensa kam sun san shi farin sani. Da aka yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya a Nijeriya tsakanin 1988 da 1989, an sami mutum sama da 650,000 da kurkunu ya kama, a ƙauyuka kusan 6,000, kuma babu ƙasar da ta kai wannan adadi a duniya a wancan lokaci. Gana ta ƙirga kusan 180,000 a 1989, Nijar kuma kusan 33,000 a 1991.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne har gobe kurkunu ba shi da magani. Babu ƙwayar da ke kashe shi a jiki, babu allurar rigakafinsa, kuma wanda ya yi shi bara ba abin da zai hana ya sake yi bana, domin jiki ba ya koyon kare kansa daga gare shi. Duk da haka an kore shi daga ƙasashe masu yawa. Makamin da aka yi aiki da shi sani ne: sanin yadda jikin wannan tsutsa yake, inda take kwana, inda take haihuwa, da kuma gaɓar da rayuwarta ta fi rauni. Wannan sani ya cancanci a ajiye shi, ko da cutar ta tafi.

Bututu a cikin bututu

Ba duk abin da ke jan ciki, ba ƙashi ba ƙafa, ne dangin juna ba. Tanar da ake haƙowa a bakin fadama jikinta gaɓa-gaɓa yake, zobe na bin zobe. Akwai jan jini da ke gudana cikin jijiyoyinta, akwai kuma tsoka iri biyu, mai zagaye jiki da mai bin tsawonsa, shi ya sa take iya miƙewa ta sirance, sannan ta tsuke ta yi kauri. Ita da matsattsaku gida ɗaya suka fito. Kurkunu kuwa ɗan wani gida ne daban, wanda masana ke kira nematoda. A nan ne macijin ciki da yara kan fitar yake, da tsutsar da ke jawo tundurmi, da ƙananan da ke kumbura saiwar tumatir a lambu har mai noman rani ya rasa abin da ya kashe masa shuka.

Ginin jikin 'yan wannan gida ɗaya ne, manya da ƙanana: bututu ne a cikin bututu. Na waje shi ne fata mai tauri, marar gaɓa, wadda a ƙarƙashinta tsoka ke shimfiɗe daga kai zuwa wutsiya. Na ciki shi ne hanji, miƙaƙƙe daga baki zuwa dubura. Tsakanin biyun ruwa ne cike, a matse ƙwarai, kuma wannan matsi shi ke riƙe da siffar jikin a madadin ƙashi. Tun da tsokar tsawo kaɗai gare su, ba sa iya tsukewa irin ta tana. Sai dai su lanƙwasa nan su lanƙwasa can, ruwan da ke ciki ya mayar da su. Ba su da zuciya, ba su da huhu. Iska ta fata take shiga, abinci kuma ruwan jikin ne ke raba shi. Abin da za a kira ƙwaƙwalwa wani zoben jijiya ne da ya zagaye maƙoshi, daga shi igiyoyi suka tafi ta baya da ta ciki. Fatar ba ta girma yadda ya kamata tare da mai ita, don haka kowace tsutsa a gidan nan sai ta yi saɓa sau huɗu kafin ta balaga.

Kada sauƙin wannan gini ya sa a raina shi. Wata 'yar'uwar kurkunu da ke zaune cikin ƙasa, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, mai suna Caenorhabditis elegans, ita ce dabbar da masana suka fi sani ciki da bai. An ƙirga ƙwayoyin halittar jikinta ɗaya bayan ɗaya, 959 ne, kuma 302 daga ciki na jijiya ne. An bi kowace ƙwaya tun daga ƙwai aka san wadda ta haife ta. Aikin da Sydney Brenner da John Sulston da Robert Horvitz suka yi a kanta ya ba su kyautar Nobel a 2002, domin ta wurinta aka gane yadda jiki ke kashe wasu ƙwayoyinsa da gangan, abin da ya shafi har binciken cutar daji a ɗan Adam.

Macen kurkunu ta ɗauki wannan gini ta kai shi inda ya ƙure. Tsawonta kan kai santimita 60 zuwa mita guda, wani lokaci ta ɗara, kaurinta kuwa milimita ɗaya zuwa biyu, fara sol kamar siririyar taliyar da aka dafa. Namijin ɗan ƙarami ne, ba ya wuce santimita huɗu, kuma da wuya wani majinyaci ya taɓa ganin sa, domin da zarar ya yi barbara ya gama aikinsa, a can cikin jiki yake mutuwa. Ita kuwa macen, yayin da cikinta ke girma, mahaifa sai ta cinye kusan dukkan sararin jikin. Hanjin ya matse a gefe ya daina aiki. Ƙofar haihuwar ma ta toshe. Abin da ya rage doguwar jaka ce mai rai, cike da 'ya'ya da yawansu kan kai miliyan ɗaya zuwa uku. Ba ta yin ƙwai ta ajiye. A cikinta suke ƙyanƙyashewa, suna motsi, suna jiran ruwa.

Mazauna kududdufi

Kududdufin da ya bushe ƙayau tun Janairu, ƙasarsa ta tsage, awaki na bi ta kai, in ruwan farko ya sauka ya cika shi, kafin mako ya zagayo ya cika da rai. Ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubin likita ya isa ya nuna haka. Daga cikin waɗanda za a fara gani akwai rotifa, dabbar da yawanci ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayoyin halittarta wajen dubu ɗaya ne kacal, amma ga baki, ga muƙamuƙi mai niƙa a cikin maƙoshi, ga ciki, ga ƙwaƙwalwa, wasu har da jan ɗigon ido. A kanta akwai kambin gashi mai kaɗawa da sauri har ya yi wa ido kamar yana juyawa, da shi take iyo, da shi take janyo abinci. Wani reshe nasu babu namiji ko ɗaya a cikinsa, mata ne ke haifar mata. In ruwa ya janye sai su dunƙule su bushe su zama ƙura, in ya dawo su miƙe su ci gaba da harkarsu. Antonie van Leeuwenhoek na ƙasar Holan ya ga haka tun 1702, da ya jiƙa busasshiyar ƙurar indararon gidansa. A 2021 masana a Rasha sun farfaɗo da wata da ta yi kimanin shekara 24,000 a daskararriyar ƙasar Saiberiya, ta kuwa hayayyafa.

Rotifa ba ruwanta da kurkunu, ba ta cutar da kowa. Amma abinci ce ga wanda ke da ruwa da tsaki a maganar, wato ƙuman ruwa, wanda masana ke kira Cyclops. Shi ba ƙwaro ba ne, dangin ƙaguwa da jatan lande ne. Tsawonsa milimita ɗaya zuwa biyu, ido ɗaya tal a tsakiyar goshi, dogayen ƙahonni biyu masu laushi, macen kuma na jan jakunkunan ƙwai biyu a gefen wutsiya. Wanda ya ɗebi ruwan tafki a kwalba ya ɗaga ta wajen haske zai ga wasu fararen ɗigo suna zabura, tsalle-tsalle. Su ne. Ruwa mai gudu ba ya yi musu, sai kwantacce. Su ma suna da dabarar ƙetare rani, sukan kwanta cikin laka su yi dogon barci har damina.

'Ya'yan kurkunu ne ba su da wannan dabara. In uwar ta zubo su a ruwa, kwanaki kaɗan gare su, in ba a haɗiye su ba su mutu. Kowanne bai kai milimita ɗaya ba, da doguwar wutsiya mai tsini wadda yake ta kaɗawa ba hutu. Ƙuman ruwa, da yake mafarauci ne, sai ya ɗauka abinci ya samu, ya cafke. Ɗan tsutsar ba ya narkewa. Huda hanjin ƙuman yake yi ya shiga kogon jikinsa, ya yi saɓa sau biyu cikin kwana 10 zuwa 14. Sai a lokacin ne ya isa kama mutum. Wanda ya sha ruwa da 'ya'yan da ba su bi ta cikin ƙuma ba, ba abin da zai same shi.

A nan ne asirin shekara gudan nan yake. Tafkin Sahel watanni kaɗan yake yi da ruwa. Tsutsar da ba ta iya bushewa ta farfaɗo, dole ta sami wurin da za ta yi rani, mai ɗumi, mai laima, mai ƙafafun da za su kai ta bakin ruwa in damina ta dawo. Wurin nan shi ne jikin mutum.

Daga ƙwarya zuwa idon sawu

Manomi ya taso daga gona da ƙishi, ya sa ƙwarya ya ɗiba ya sha. Ruwan tsamin ciki ya kashe ƙuman, ya narkar da shi, ɗan tsutsar ya fito lafiya lau. Ya huda bangon hanji ya shige cikin naman ciki, ya ƙarasa saɓarsa biyu da suka rage. Wajen wata uku, maza da mata sun balaga sun haɗu. Daga nan macen ta kama hanya, a hankali, ta ƙarƙashin fata da tsakanin tsoka, galibi tana gangarawa ƙasa. Duk wannan tafiya mai ita bai san ana yi ba. Ba zazzaɓi, ba ciwo, kuma babu gwajin asibitin da aka saba da shi da zai nuna tana nan. Sai bayan wata 10 zuwa 14 take bayyana, kuma kusan tara cikin goma a ƙafa take fitowa, ko da yake takan fito a hannu, a nono, a mara, ko a ko'ina.

In ta iso, sai ta saki wani ruwa a ƙarƙashin fata wanda ke tayar da bororo. Waɗanda suka sha wannan azaba da wuta suke kwatanta ta. Wani kan yi zazzaɓi da jiri da amai kafin bororon ya fashe. Mai jin ƙafarsa na ci da wuta kuwa abu ɗaya yake nema, ruwan sanyi, kuma ruwan da ya fi kusa shi ne tafkin da gari ke sha. Da sanyin ya taɓa kan tsutsar sai gaban jikinta ya tsage, mahaifar ta leƙo ta feso wani farin ruwa, dubban ɗaruruwan 'ya'ya ke nan a tashi ɗaya. Raɗaɗin ya lafa, mutum ya yi hamdala, bai san ya shuka wa maƙwabtansa ciwon baɗi ba. Duk sanda ƙafar ta sake shiga ruwa haka za a maimaita, har jakar ta ƙare.

Hanyar cire ta ba ta sauya ba tun zamanin da. A kama kan a naɗe a tsinke ko ɗan ƙyalle, kullum a ja kaɗan, santimita biyu ko uku, in ta yi gardama a bari sai gobe. Yakan ɗauki makonni. Gaggawa ita ce babbar musiba, domin in ta tsinke, ragowar ta koma ciki ta zubar da 'ya'yanta cikin nama, ƙafa ta haye, ta tara mugunya. A ƙauyuka da yawa wanzami ake kira ya yi sakiya da jan ƙarfe, abin da kan ƙara wa miki faɗi. Kurkunu kansa ba kasafai yake kisa ba. Abin da ke biyo shi ne ke kisa ko nakasawa: gyambo, sarƙewar haƙora, gwiwa ko idon sawu da ya sandare har abada. Mutum ɗaya na iya fitar da biyu, uku, ko fiye da goma a damina ɗaya.

Lokacin fitowarsa ne ya fi ciwo. A ƙasashenmu na Arewa da damina yake fitowa, daidai shuka da noman farko da maimai. Magidanci ya kwanta wata ɗaya, wata biyu, ciyawa ta cinye gona. Uwa ta kasa tashi, babbar 'yarta ta bar makaranta ta kama daka da ɗiban ruwa. Wani bincike da UNICEF ta ɗauki nauyi a 1987 ya ƙiyasta cewa manoman shinkafa a wani yanki na kudu maso gabashin Nijeriya kaɗai na asarar dala miliyan 20 duk shekara saboda shi. Ni a ganina wannan ne ya sa aka daɗe ba a kula shi ba: cuta ce ta mutanen da ke ƙarshen hanya, ba ta shiga birni, ba ta kama mai famfo.

Yadda aka gano hanyarsa

Cutar tsohuwa ce. An sami busasshen kurkunu a jikin wata gawar Misira da aka adana kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Likitocin Musulmi irin su Ar-Razi da Ibn Sina sun yi rubutu a kanta da yadda ake naɗe ta. Tsawon ƙarnoni ana gardama, shin dabba ce ko kuwa jijiyar mutum ce ta lalace ta fito. Ba laifin mutanen ƙauye ba ne da suka riƙe irin wannan fahimta, wasu su ce a jini yake, wasu su ce gado ne, wasu su ce jifa ne. Wa zai haɗa ruwan da ya sha bara da bororon da ya fito bana?

Wanda ya haɗa su wani matashin masani ne ɗan Rasha, Aleksei Fedchenko, da ke aiki a yankin Samarkand. Wajen 1870 ya ga 'ya'yan kurkunu kwance a cikin jikin ƙuman ruwa. A 1905 Robert Leiper na Birtaniya ya je Akara ya ciyar da biri ƙuman da ke ɗauke da su, bayan watanni ya sami tsutsar a jikinsa. A 1913 wani likita ɗan Indiya, Turkhud, ya tabbatar da haka a jikin mutum a Bombay. Birnin Bukhara, mahaifar Imam Bukhari, wanda ya yi ƙaurin suna da wannan cuta saboda tafkunan da ke tsakiyarsa, ya rabu da ita a farkon shekarun 1930 ta hanyar gyara ruwan sha da hana masu ciwon shiga ruwa. Ke nan tun kafin a haifi yawancin kakanninmu an san yadda za a yi. Ƙauyukan Afirka sun jira ƙarin shekara hamsin kafin a waiwaye su.

A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga aikin, an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 na kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Kayan yaƙin ba su da yawa, kuma kowanne daga jikin tsutsar da na ƙuman aka karanto shi. Ƙuma ya kai milimita, saboda haka ƙyallen nailan mai ƙananan idanu da aka ɗaure a bakin tulu zai tare shi. Makiyayi da matafiyi aka ba su ɗan bututu mai matata a baki, su rataya a wuya su zuƙi ruwa da shi. Tafkin da aka san ƙafa mai ciwo ta shiga, a zuba masa maganin Abate mai kashe ƙuman kafin kwana goman nan su cika. Mai bororo a wanke masa a bokiti, a ɗaure, a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa. Inda hali ya yi, a haƙa rijiyar burtsatse. Nauyin aikin kuwa 'yan sa-kai na ƙauye ne suka ɗauka, masu bi gida-gida da littafi. Janar Yakubu Gowon ya yi shekaru yana zagaya ƙauyukan Nijeriya yana matsa wa gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi, kamar yadda Janar Amadou Toumani Touré ya yi a Mali. A Sudan, a 1995, Jimmy Carter, jagoran Cibiyar Carter, ya shawo kan masu yaƙi suka tsagaita wuta na watanni don ma'aikata su shiga.

Nijeriya ta ga na ƙarshe a watan Nuwamban 2008 a jihar Enugu, Nijar ma a shekarar ta ga nata. A Disamban 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar rabuwa da shi. Gana ta ga na ƙarshe a 2010, ta karɓi tata shaidar a 2015. A 2022 mutum 13 aka samu a duniya duka, a 2023 kuma 14.

Karnukan bakin Shari

Dukkan lissafin an gina shi ne a kan cewa kurkunu ba shi da mafaka sai mutum. Chadi ce ta girgiza wannan. Ƙasar ta yi kusan shekara goma ba a ba da rahoton kowa ba, sai ga shi ya ɓullo a 2010, kuma da wani irin salo: mutum ɗaya a wannan ƙauye, wani a can nesa, ba tare da tafki ɗaya ya haɗa su ba. Ruwa ba ya tsami banza. A 2012 aka fara ganin tsutsar na fitowa a ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta da ke bakin kogin Shari, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna irin ta mutane ce sak. A 2019 karnukan da aka ƙirga a Chadi sun kusa 2,000. An kuma same ta a kyanwoyi, a gwaggon biri a yankin Gambela na Habasha, da karnuka a Mali da Angola da arewacin Kamaru, ta bakin kogin Logon.

Abin da masu bincike suka fi zato shi ne hanyar ta ƙara tsani. Ƙananan kifaye na cin ƙuman ruwa, 'ya'yan kwaɗi ma haka, har an taɓa samun ɗan kurkunu da rai a naman kwaɗon da aka kamo a Chadi. A ƙarshen rani, lokacin da ruwa ya ja baya aka yi su na gayya, kayan cikin kifi kan taru a bakin gaɓa, karnuka su yi ta ci ɗanye. Kare ba ya shan ruwa ta matata, kuma ba a yi masa wa'azi. Don haka aka koma ɗaure karnuka a watannin da tsutsar ke fitowa, ana ba masu su tukuici da abincin da za su ciyar da su, ana binne kayan cikin kifi ko a ƙona, ana bin tafkuna da Abate. Adadin karnukan ya ragu ƙwarai daga na 2019, amma bai kai sifili ba.

Jimmy Carter ya taɓa cewa burinsa kurkunu na ƙarshe ya riga shi mutuwa. Ya rasu ranar 29 ga Disamban 2024 yana da shekara 100, tsutsar na nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wa'adin zuwa 2030. Ƙasashe shida ne ba su karɓi shaida ba: Chadi, Mali, Habasha, Angola, Sudan ta Kudu da Sudan. Sharaɗin shi ne a yi aƙalla shekara uku a jere ana sa ido ba a ga ko ɗaya ba, kuma yanzu lissafin ya haɗa da dabbobi. A wasu sassan Mali da Sudan ta Kudu rashin tsaro na hana ma'aikata isa ƙauyuka. Sudan kuwa ta daɗe ba ta ga kurkunu ba, amma yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya sa aikin tantance ta ya yi wuya.